Ɗakin da Awaki Suka Gada

A gidan kakata ta wajen uwa ɗakuna iri biyu ne. Na gaba ginin bulo ne, rufinsa na asbestos mai lanƙwasa, kamar an raba ganga biyu an kife rabi. Na baya zagayayye ne, na laka da jinka, sai ka sunkuya kafin ka shiga. A na bayan take kwana. Na gaban kuwa, wanda a idona na yarinta babu ɗakin da ya kai shi kyau a ƙauyen, nan ake jibge taru da filafilai da tukwanen da suka tsage, in hadari ya taso kuma awaki su yi rububin shiga.

Duk hutun makaranta mahaifiyarmu takan kwashe mu daga Shanga, mu bi ta Yelwa, ta kai mu can. Wata bazara, ina aji huɗu, na kasa haƙuri.

"Kaka, don me kika bar wa awaki ɗakin siminti kika koma na laka?"

Ta dube ni ta yi dariya. "Mijin nan nawa akwai tambaya. Yau in an yi azahar ka shiga ka yi ƙailula a ciki. In ka fito sai mu yi maganar."

Ko rabin sa'a ban yi ba na fito jiƙe sharkaf. Ta miƙo mini ruwan randa a ƙwarya, maganar kuma ba mu sake yin ta ba ranar. Sai bayan shekaru, da na zama mai tsara manhajar waya, aikina kullum shi ne in zauna in zana yadda wani zai yi aikinsa, sannan na koma ina bin tarihin ɗakin nan.

Kakata Bagungiya ce. Gungu shi ne tsibiri, Gungawa kuma sunan da Hausawa suka sa wa mazauna tsibiran Neja na ƙasar Yauri. Su da bakinsu Bareshe suke ce wa kansu. A gaɓar kogin akwai Shangawa, dangin mahaifina, waɗanda harshensu ɗan'uwan na Busawa ne, akwai Kambari da Lopawa, ga kuma Sarkawa masunta. Wasu na bin Sarkin Yauri, wasu na Borgu. Tarihin sarautar Yauri an rubuta shi. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, da shi ya fara bincikensa. Tarihin da ni nake nema shi ne na yinin mutum: ina yake fara aiki da asuba, taku nawa ne daga ƙofarsa zuwa ruwa, wane hannu ke riƙe da me.

A wajenmu, kafin a datse shi, kogin sau biyu yake cika a shekara. Farin ruwa na damina ne, ruwan samanmu da na maƙwabta, mai laka, yakan kai ƙarshen cikarsa wajen Satumba. Baƙin ruwa kuwa daga duwatsun Gini yake tasowa, ya bazu a fadamun Mali ya yi watanni yana sauke lakarsa, sai da sanyi ya iso mana tatacce. A kan wannan zuwa da komawa Bagunge ya gina shekararsa. Da damina gero da dawa. Da rani lambun albasa a bakin ruwa, ban ruwan da ƙwarya: ka gangara ka ɗebo, ka hau ka zuba wa komi, ka sake gangarawa, tun safe har rana ta yi zafi. Tsakanin wannan da wancan kuma su ne. Jirgi na ɗaure kusa da gida, kamar yadda mutumin tudu ke ɗaure jakinsa. Kakata ta ce a gungunsu tana iya ɗora tukunya a murhu, ta je kogi ta ɗebo ruwa ta dawo wutar ba ta ja baya ba.

A 1964 aka fara gina madatsar Kainji, ƙarƙashin Hukumar Madatsun Ruwan Neja, da rancen Bankin Duniya, kamfanonin Italiya da suka haɗu da sunan Impregilo suna aikin. Ana cikin ginin aka yi juyin mulkin 1966, aka ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, Yaƙin Basasa ya ɓarke, amma aikin bai tsaya ba. A 1968 aka toshe kogin ruwa ya fara taruwa, a Fabrairun 1969 Janar Yakubu Gowon ya buɗe tashar lantarkin. Tafkin da ya samu ya kai tsawon sama da kilomita 130, faɗin fuskarsa kusan murabba'in kilomita 1,300. Ya haɗiye tsohuwar Busa, ya haɗiye tsibirai, ya ci wani yanki na Yelwa. Kimanin mutum 44,000 daga garuruwa da ƙauyuka sama da 200 aka tasa. A lokacin Sarki Muhammadu Tukur ke sarautar Yauri.

Da farko kuɗin diyya aka riƙa bayarwa kowa ya gina nasa. Daga baya aka sauya shawara, aka ce gwamnati ce za ta gina. Wani mai zanen gine-gine ɗan Ingila, Robin Atkinson, shi ya zana gidajen, kuma duk wanda ya zagaya Sabuwar Busa da ƙauyukan bakin tafkin zai ga an yi ƙoƙarin kwaikwayon fasalin gidajen gargajiya, ba a dai jera akwatuna kawai ba. In aka duba sauran manyan madatsun Afirka na wancan zamani, irin su Kariba da Akosombo, masu bincike da dama sun sa tashin Kainji cikin waɗanda aka yi da dama-dama. Wannan gaskiya ce, kuma ya kamata a faɗe ta.

Ga yadda kakata ta tuna zuwan masu ƙirgar gidajen da za a tasa. Ta ce sun zo da jirgi mai inji, da littattafai da igiyar awo da tafinta. Suka tsaya a ƙofar gida suka yi magana da kakanmu. Ɗaki nawa? Rumbu nawa? Itatuwa nawa? Mutum nawa? Suka rubuta, suka wuce gida na gaba. "Ni ina ciki ina bandar kifi," in ji ta. "Hayaƙina suka gani, ni ba su gan ni ba."

Lissafinsu bai yi kuskure ba. Ɗakunan da suka ƙirga an mayar. Abin da littafin ba shi da gurbinsa shi ne abin da ake yi da ɗakin. Jinka tana numfashi: hayaƙi ya bi ta cikinta ya fita, a hanyarsa ya kori ƙwari ya kuma tsare zangarniyar iri da aka rataye. Ɗakin siminti yana riƙe hayaƙi har ido ya yi ja. Laka tana hana zafi shiga da rana, ta riƙe ɗumi da daren hunturu. Siririn rufin asbestos yana gasa mutum da bazara, ya bar shi da rawar ɗari da sanyi, kuma wannan kuka ne da aka ji a ƙauyuka da yawa. Ɗakin laka in ya tsage, maigida ya kwaɓa ƙasa ya liƙe kafin magariba. Na bulo sai an nemo siminti da magini da kuɗi. Gidan gargajiya kuma ba ya gama ginuwa: ɗa ya yi aure a ƙara ɗaki, tsohuwa ta rasu a bar nata ya koma ƙasa, danga ta matsa nan ko can. Sabon gidan an gina shi daidai da iyalin ranar ƙirga, kamar rigar da aka ɗinka wa yaro ba a bar wajen buɗawa ba.

Babbar asara kuwa ba a cikin gida take ba. Dole aka kafa sababbin ƙauyuka a tudu, inda cikar tafki ba za ta kai ba. Shi kuma tafki ba ya bin kalandar kogi. Yana cika da farin ruwa, ya zauna a cike cikin sanyi, sannan ya yi ta ja da baya har tsakiyar damina yayin da ake sakin ruwa don lantarki. Inda gaɓa take shimfiɗe, ruwan kan janye ya bar tafiya mai nisa cikin taɓo. Mai ban ruwa da ƙwarya ya wayi gari lambunsa na nan, ruwansa na can. Macen da take ɗebo ruwa wuta ba ta ja ba, yanzu sai ta kashe wutar ta ɗauki tulu ta yi tafiya. Wannan takun da ya ƙaru ba ya cikin kowane shafi na diyya, alhali shi ne aka riƙa biya kullum, shekara da shekaru.

Abin da ya ba ni mamaki da na shiga karatun sana'ata shi ne, a daidai lokacin da masu ƙirga ke zagaya tsibiranmu, a can Ingila wasu na fama da wannan matsala ta wata fuskar. A 1967 John Annett da Keith Duncan na Jami'ar Hull suka fitar da hanyar fayyace aiki daki-daki: ka fara da abin da mutum yake son cimmawa, ka rarraba shi zuwa ƙananan buƙatu, kowace ka sake rarraba ta, sannan ka rubuta sharaɗin da ke sa a yi wannan kafin wancan. Sun kuma ba da ma'aunin tsayawa: ka ci gaba da tonawa matuƙar akwai yiwuwar a yi kuskure a wurin kuma kuskuren zai yi tsada. Kafin su akwai Frederick Taylor da agogonsa a masana'antun ƙarfe na Amurka, da Frank da Lillian Gilbreth masu ɗaukar hoton motsin ma'aikata. Frank magini ne tun asali, ya kuma rage motsin ɗora bulo ɗaya daga 18 zuwa wajen 5. Su motsin jiki suke aunawa. Annett da Duncan suka ce a fara tambayar me mutumin yake nufi.

Da kwamfuta ta shigo, sai sana'ar ta koma kanta. A 1980 Stuart Card da Thomas Moran da Allen Newell suka sa wa kowane motsi farashinsa na lokaci: kai hannu daga madannai zuwa linzamin kwamfuta sakan 0.4, nuna abu da linzamin sakan 1.1, ɗan tsayawar da ƙwaƙwalwa ke yi kafin ta yanke shawara sakan 1.35. A 1983 suka fitar da littafin da ya kafa tsarin GOMS na fayyace aikin mai amfani da kwamfuta. Daga baya aka sa waɗannan hanyoyi cikin manhajoji. Bonnie John ta Jami'ar Carnegie Mellon ta jagoranci ƙera CogTool, wadda za ka zana mata fuskokin manhajarka, ka nuna inda za a danna, ta faɗa maka sakan nawa gwani zai ɗauka. A Pisa ta Italiya, Fabio Paternò ya fito da ConcurTaskTrees a 1997, da manhajar zana ta mai suna CTTE: bishiya ce ta ayyuka, mai alamomin da ke nuna wanne ke bin wanne, waɗanne ake yi tare, wanne ke katse wani, wanne ake ajiyewa a dawo masa.

Labarin da na fi so a wannan fanni na kamfanin tarho ne na NYNEX a Amurka. Sun so sauya wa ma'aikatan haɗa kira na'ura, don sabuwar ta rage yawan dannawa, kuma a lissafinsu sakan ɗaya da aka rage a kowane kira ya kai dala miliyan 3 a shekara. Wayne Gray da Bonnie John da Michael Atwood suka zana aikin yadda yake gudana, suka ce sabuwar za ta fi jinkiri. Gwaji da ma'aikata na gaske ya tabbatar da haka. A 1993 aka buga cikakken rahoton. Dalilin kuwa, dannawar da aka cire dama ma'aikacin yana yin ta ne yayin da mai kira ke magana, ba ta cin lokacin kowa, ita kuwa 'yar kaɗan da aka ƙara ta faɗo ne a inda kowa ke jira. Ranar da na karanta wannan na ajiye takardar na yi shiru. Masu sayar da na'urar nan madannai suka ƙirga, kamar yadda aka ƙirga mana ɗakuna.

Da na san wannan duka, ai sai a ce ba zan maimaita ba. Na maimaita. Wata ƙungiya ta ba ni aikin tsara fom na waya don rajistar masunta da manoman rani a bakin tafki. Na zauna a ofis mai sanyi a Birnin Kebbi, na zana bishiyar aikin, na sa manhaja ta lissafa mini lokaci, na yi ta datse matakai har abin ya zama ƙasa da minti ɗaya. Na ɗauko shi da alfahari zuwa kwatar Yelwa ranar kasuwa, na fara da kawuna.

Hannunsa jiƙe yake da ruwan kifi, fuskar wayar ta ƙi jin yatsansa. Rana ta haske gilashin, rubutun ya ɓace. Wayar da zai karɓi lambar tabbatarwa tana hannun ɗansa, ɗan kuma ya tsallaka da fasinja. Fom na tambayar kilo, shi da kwando da daro yake awo. Da muka kai gurbin sana'a, inda na ce a zaɓi ɗaya, sai ya ɗago kai.

"Ɗan nan, wane wata kake tambaya?"

"Kawu, sana'arka dai gaba ɗaya."

"To ai ruwa ke faɗa. In ya cika ni masunci ne. In ya fara ja ina lambu. Ranar kasuwa kuma ga ni ina fito. Wanne zan ce maka, in bar wanne ya ji haushi?"

Matan da ke banda kuwa, waɗanda kifin ke bi ta hannunsu kafin ya zama kuɗi, ko ɗaya ba ta shiga rajistar ba, don ban tanadi hanyar isa gare su a cikin gida ba. Na tsaya a ƙofa na yi magana da maigida, na ga hayaƙi na wuce. Jikan matar nan ne ya yi haka, da waya a maimakon littafi.

Laifin ba na manhajar ba ne. Sakan da ta lissafa daidai ne, ga mutum mai busasshen hannu, a inuwa, da wayarsa a aljihu. Ni na ba ta wannan mutumin. Lucy Suchman, wadda ta yi nazarin yadda mutane ke kokawa da injin kwafe takardu a cibiyar binciken Xerox, ta yi wannan gargaɗi a littafinta na 1987, har ta kawo misali da mai shiga guguwar ruwa da kwalekwale: zai iya tsayawa a gaɓa ya tsara yadda zai bi, amma in ya shiga, gwanintar hannunsa da abin da ruwan ya yi ne za su fitar da shi. Mu wannan misali a ƙofar gidanmu ya faru. A 1806 Mungo Park, Baturen da ke bin kogin Neja, ya iso Yauri da jirginsa, a nan jagoransa Amadi Fatuma ya rabu da shi, ya ci gaba ba tare da shi ba, ya halaka a duwatsun Busa. Duwatsun nan yau suna kwance a ƙarƙashin tafki.

Bayan abin kunyar kwata na koma ƙauyen na kwana uku, ba waya a hannu sai littafi. Kakata ta riga ta tsufa, ba ta banda, amma ta zauna a tabarma tana ba ni labarin safiyarta ta gungu, ni kuma ina zanawa. Tashi kafin assalatu. Hura wuta. Jirgi ya dawo, a fere kifi, a lanƙwasa, a jera a kan waga. Ana cikin haka goyo ya farka, a ajiye kifi a ba shi nono, a dawo. Kunne na wajen tukunyar kunu, ido na wajen yaran da ke wasa kusa da ruwa. Iska ta juya, a rage itace kada kifi ya ƙone. Da na mayar da shi cikin manhajar bishiyar ayyuka, abin ya zauna daram: akwai alamar ayyukan da ake yi tare, akwai ta katsewa, akwai ta ajiyewa a dawo. Kuma da zanen ya kammala, kowa zai ga cewa kusan kowane reshe yana rataye ne da abu ɗaya, wato kusancin ruwa. Ka matsar da ruwan, bishiyar ta zube. Da an yi irin wannan zane ko da da fensir ne a 1966, da wataƙila an fi kashe tunani a kan rijiya da mashaya da inda za a kafa gari fiye da siffar rufi.

Na nuna mata a fuskar kwamfuta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Duk wannan ni ke yi? To ai ka manta sallah." Na ƙara.

Mutanen bakin tafki ba su zauna jiran mai zane ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Suka gina ɗakunan laka a bayan na bulo, suka kewaye da zana, suka kafa rumbuna inda suke so. Suka koyi bin ruwa yayin da yake janyewa suna shuka a danshin da ya bari. Da injin ban ruwa ya yawaita, tiyo ya maye gurbin ƙwarya, albasar Yauri ta ci gaba da cika motoci zuwa Kudu. Masunta daga wurare masu nisa suka sauko, cibiyar binciken kifi ta kafu a Sabuwar Busa. Wolf Roder, masanin labarin ƙasa da ya bibiyi yankin, littafin da ya fitar a 1994 a kan wannan daidaitawa da mutane suka yi ne. Sai dai gyaran da mai amfani ya yi da kansa ba kyauta ba ne. An biya shi da guminsu da shekarunsu, yawanci kuma da ƙafafun mata.

Fom ɗin nan na sake shi. Sana'a ta zama tambaya uku, ta cikar ruwa, ta janyewarsa, da ta ranar kasuwa. Awo ya koma kwando da daro. Aka ɗauki 'yan mata biyu masu shiga gida. Lokacin cikawa ya ninka, manhajar lissafi ta nuna mini haka ƙarara, na kuma bar shi a haka. Tun daga ranar na ɗaukar wa kaina ƙa'ida: ba na buɗe manhajar zanen aiki sai na ga asuba da azahar da magariba a wurin da za a yi aikin, sai kuma na tambayi wane ne ke bayan danga.

Kaka ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Ɗakinta na laka, da ba mai shafe shi, damina biyu ya yi ya zauna. Na bulon yana nan da tsagarsa. Zuwana na ƙarshe na tarar an kori awakin: wani ɗan kawuna ya ɗaure faifan sola a kan lanƙwasasshen rufin, ya ja wayoyi ciki, ya kafa benci, mutanen ƙauye na kawo wayoyinsu caji. Shi kansa ba ya zama a ciki. Yana waje a ƙarƙashin rumfar zana da ya kafa a jikin bangon, yana karɓar kuɗi, yana miƙa waya ta taga.